Jan Idon Mai Yanka

Garwa, Agusta 1969

Zuwa ga mai ɗakina Ramatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Ki gaishe da Baba da Inna, ina yi musu ban gajiyar ɗawainiya. Yaya damina a Bibemi?

Bayan gaisuwa, gara ki ji daga gare ni kafin 'yan mota su kai miki da ƙari. Sarkin Fawa Wada ya karɓe wuƙata. Ya ce kada in sake yanka ko akuya a kwata sai an bincika, wai ina shan giyar nan bilbil. Ni, Ramatu! Ni da ko goro sai an matsa mini nake ci.

Ga yadda aka yi. Makon jiya na tashi da zazzaɓi, gaɓoɓina suna ciwo, ƙafafuna sun kumbura, ƙuraje sun feso mini a ƙirji da baya. Idanuna kuwa jawur kamar garwashi. Ban kwanta ba, kin san halina. Da na gama yanka na kai wa Madam Lucie kai da ƙafa, mai farfesun nan ta layin gidajen bilbil, kamar yadda na saba. Ina fitowa daga layin ina tangaɗi, ina dafa bango, sai ga Bobbo dillalin shanu. Ya dube ni, ya dubi layin, ko sallamata bai amsa ba. Kafin la'asar magana ta cika kasuwa.

Washegari nama ya yi kwantai, mutane suka ce ba za su ci yankan mashayi ba. Ban ga laifin mahauta ba, su ma iyali gare su. Amma Wada ya san ni tun ina riƙe wa mahaifina igiya, kuma ya san wuƙar nan gado ce. Na nuna masa ƙurajen, ya ce ai giya ma tana fitowa a jiki. Wallahi raina ya ɓaci.

Kada ki sa abin a ranki, yanayin da kike ciki ba ya son damuwa.

Mijinki,
Bilya

Garwa, Satumba 1969

Zuwa ga Ramatu,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Yaya nauyin jiki? Ni na warke sarai, sai zaman banza da ya ishe ni.

To, giyar tawa dai, wato ciwon nan, ta zagaye gari. Masu fiɗa ta fara kamawa, sai mata masu wankin hanji, daga nan ta shiga unguwa gida gida, har gidan Liman. Ran Juma'a sai ga Sarkin Fawa da baƙin tabarau a masallaci, yana dogara sanda. Na durƙusa na gaishe shi da ladabi, na tambaye shi ko shi wane layi ya bi. Bai yi dariya ba, amma na kusa da shi sun sunkuyar da kai.

Da abin ya yi yawa, Dokta Eugène ya zo kwata daga lopital, asibitin gari, tare da Madam Béatrice mai allura. Suka ɗebi jininmu za su aika kudu. Ya ce wannan ba zazzaɓin da muka sani ba ne, shi ya sa kinin bai taɓa shi. Ya fi zaton wani ne da ake kira Zika, wai a wani daji na Uganda aka fara ganinsa, kuma sauro mai cizon rana ke yaɗa shi, mai ratsin fari a ƙafa. Ya zaga bayan kwata ya ga tarin ƙahonnin da muke ajiye wa masu saye. Kowane ƙaho cike yake da ruwan sama, 'ya'yan sauro suna ta wutsil-wutsil a ciki. Ashe mu muke kiwon abin da hannunmu.

Yawanci ciwon kan wuce cikin mako guda. Malum mai gadinmu ne kawai ya ba mu tsoro, don bayan ya warke ƙafafunsa suka mutu, yana lopital. Dokta ya ce bai sani ba ko ciwon ne ya jawo.

Na ji kin ce za ki taho ki duba ni. Ban yarda ba. Ba wanda ya iya gaya mini abin da ciwon nan yake yi wa mai juna biyu, kuma ba a kanki za a gwada ba. Ki zauna gaban Inna.

Naki,
Bilya

Garwa, Satumba 1969

Ramatu tawa,

Gaisuwa da begenki. Allah ya sa wannan ta same ki lafiya.

Alhamdulillahi, wuƙata ta dawo. Wada da kansa ya kawo ta har zaure. Bai ce in yi haƙuri ba, kin san manya. Ya dai tambayi lafiyarki har sau uku, ya sha ruwa, ya ajiye ta a kan tabarma ya tashi. Da safe na yi bismilla na kayar da bijimin farko. Bobbo ne ya fara sayen naman, idonsa jawur. An binne ƙahonnin, an kife tsofaffin tukwane, Malum ma ya fara motsa yatsun ƙafa.

Saƙonki ya iso, yajin da kwallin da 'yar takardarki. Na karanta ta na sake karantawa. Kin tambayi idanuna, kin tambayi ko ina cin abinci, kin yi faɗan wankin riguna. Garin nan kaf, har 'yan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya, ba wanda bai ja ni gefe ya ce in gaya masa tsakani da Allah ba. Ke kaɗai ce ba ki tambaye ni ko maganar giyar gaskiya ce ba. Na zauna a zaure na yi kuka, ban ji kunyar gaya miki ba.

Allah ya sauke ki lafiya.

Mijinki har kullum,
Bilya mai yanka