Abin da Auta Ta Faɗa da Bakina

Litinin, 3 ga Maris

Injin guga ya ƙona kwat ɗin wani baƙo, bayan rigar gaba ɗaya, kamar an ɗora masa tukunya. Shekara goma sha tara ina ɗakin wanki da guga na otal ɗin nan, takwas daga ciki ni ce shugaba, ko hankici ban taɓa ƙonawa ba. Injin ne, zafinsa ba ya tsayawa inda aka sa shi. Sau uku ina aika saƙo sama ta bakin Auta, ƙanwata, tunda ita ce a teburin karɓar baƙi kuma ita ke jin Turanci.

Manaja ya kira ni. Shi ko "sannu" bai sani ba, ni kuma Turancina bai wuce gaisuwa ba, sai aka kira Auta ta yi mana tafinta. Na zazzage masa abin da ke cikina tas. Na ce cin fuska ne a tuhume ni kan abin da na yi ta gargaɗi a kai. Auta tana mayar masa a hankali, kanta a sunkuye, shi kuma yana ta gyaɗa kai har da murmushi. Na sa hannu a wata takarda da ta ce shaida ce an saurare ni. Na fito ina cewa ashe mutumin yana da kirki.

Laraba, 5 ga Maris

An karɓe makullin ɗakin daga hannuna an ba Doguwa, wadda ni na koya mata riƙe dutsen guga. Kunya ta hana ta kallona. Ni yanzu ninkin tawul.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kai wa Tica kwafin takardar, maƙwabcinmu da ya yi ritaya daga koyarwa. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau, ya ce, "Uwar Guga, ke kika faɗi wannan?"

Wai na amsa cewa sakacina ne. Wai na ba da haƙuri, na roƙi a tausaya mini. Babu inji a ciki, ko a layi ɗaya.

Shi ya sa Manaja yake murmushi. Ina can ina kumfar baki, shi yana kallon tsohuwa mai nadama.

Yarinyar da na goya bayan rasuwar Inna. Ni na bar aji huɗu na kama wankau don ita ta yi boko. Turancin nan da ke bakinta, da fatar hannuna aka same shi, kuma da shi ta yanka ni ina tsaye a gefenta.

Asabar, 8 ga Maris

Auta ta zo. Ta tsaya bakin ƙofa kamar mai neman aron ashana.

"Yaya, wallahi da na faɗa masa yadda kika faɗa, korar ki zai yi a take."

Na ce to, saƙon injin fa? Da ƙyar ta fito da shi: na farko ta manta, na biyu Manaja ya yi tafiya, na uku ta ji tsoron a tambaye ta me ya hana ta faɗa tun farko. Watau ba ni ta ceta ba. Kanta ta ceta, ta ari bakina ta yi.

Na ce ta fice mini daga ɗaki. Ban zage ta ba, kuma wannan ya fi ba ta tsoro, na gani a idonta.

Lahadi, 9 ga Maris

Ta kira sau shida. Ban ɗauka ba.

Talata, 11 ga Maris

Na ce wa Tica ya koya mini fushi da Turanci, ba na son komai sai shi. Ya yi dariya har da tari, ya ce wane iri, ai suna da yawa. Ya jera mini su a bayan kalanda.

"Annoyed", wannan na cizon sauro ne, na ce ya goge shi. "Angry" na kowa da kowa, har yaro aka ƙwace wa alewa. "Furious" shi ne mutum ya fusata har idonsa ya rufe. Na ce yauwa, shi nake so. Ya ce a'a, in kika shiga ofis da wannan, hayaniyarki za su ji ba maganarki ba. Ya nuna "offended", wanda aka taɓa mutuncinsa, da "indignant", wanda aka yi wa rashin adalci ya san an yi masa. Na biyun ya ƙi zama a harshena, kamar ina tauna tsakuwa. Mun tsaya a na farkon.

Na tambaye shi na wanda ɗan'uwansa ya ci amanarsa. Ya rubuta "betrayed".

Turawan ma dai ba su kai mu kalmomi ba. Ina takaici? Ina baƙin ciki mai tsaya wa mutum a maƙoshi? Ya ce kusa-kusa akwai. Kusa-kusa ai ba shi ba ne.

Juma'a, 14 ga Maris

Jimla huɗu na haddace. Tawul ɗaya jimla ɗaya, har Doguwa ta ce, "Yaya, ko aljanun Turawa ne suka shige ki?" Da yamma injin ya ƙona rigar matashin kai a hannunta. Ta zo za ta ɓoye, na ce ba ni nan.

Tica ya ce dole Manaja zai tambaya wa na gaya wa maganar injin. Ya koya mini yadda tambayar za ta zo da yadda zan amsa. Kalma biyu ce kacal. Na maimaita su har sun fi sunana sauƙi. In na faɗe su, takardata ta wanku, makullina ya dawo. Auta kuma ta san inda dare ya yi mata.

Litinin, 17 ga Maris

Na shiga ofishin Manaja. Ya ɗaga waya aka turo Auta. Na ɗaga mata hannu, na ce mata yau ni zan yi magana da kaina da Turanci. Ta koma jikin bango ta tsaya.

Na ajiye masa ƙonanniyar rigar matashin a kan tebur. Na ce ban ba da haƙuri ba. Na ce injin ya lalace. Na ce na faɗa sau uku. Sannan na dube shi ido cikin ido na ce "I am offended." Murmushin ya ɗauke. Wallahi daɗin da na ji, tun haihuwar ɗana na fari ban ji irinsa ba.

Sai ya yi tambayar. Daidai yadda Tica ya ce, kalma bayan kalma. Ya ɗauki biro yana jira.

Na ji numfashin Auta a bayana. Irin wanda take yi tana ƙarama in zazzaɓi ya kama ta.

Na buɗe hannuwa na girgiza kai, kamar ban gane ba. Ya maimaita a hankali. Na sake girgiza kai. Ya juya wajenta ta fassara, ta buɗe baki, murya ta ƙi fita. Na kama hanya na fice.

Laraba, 19 ga Maris

Mai gyara ya zo, ya ce wayar zafin injin ta daɗe da cinyewa. An gyara. Takardar kuwa tana nan a fayil ɗina, tunda babu shaidar na kai ƙara. Makulli yana wajen Doguwa. Tica ya ji labari, ya ce na ɓata masa alli.

Alhamis, 20 ga Maris

Auta ta same ni a ɗakin tawul lokacin hutun rana, ido duk ya kumbura. Ta ce, "Yaya, kin ji tambayarsa, ko?"

Na ce ban ji ba, Turancina bai kai nan ba.

Ta ce, "Yaya."

Na ce in ba ta da aikin yi ta kama mini bakin zanin gadon nan, ba ya ninkuwa da mutum ɗaya. Ta kama. Muka ninke guda bakwai.

Ban yafe ba. Ina rubutawa a nan don kada gobe in ce na yafe. Shekara goma sha tara ta tafi a takarda ɗaya, kuma ni na bar ta ta tafi, da bakina a rufe, na san amsar sarai.