Yayen Haruna

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina sanar da ke cewa ni da Babanki wata huɗu ke nan muna Kuala Lumpur, a wani ɗan gida da muka kama a Pantai Dalam. Mun je kabarinki. Mun ga ɗanki Haruna.

Bari in jero miki abin da ya faru, yadda aikin jarida ya koya mini. Korona ta ɗauke ki kwana tara bayan haihuwa, iyakoki a rufe, mu muna Kano. Mijinki ya rasa yadda zai yi da jariri, ya sa hannu aka ba maƙwabciyarku Salmah riƙonsa, ya koma gida. Da aka buɗe hanya muka zo, muka shigar da takarda a ba mu jikanmu. Har yau kotu ba ta yanke ba.

Abin da takardun ba su faɗa ba shi ne nono. Salmah ba ta taɓa haihuwa ba. Magani ta sha, ta yi ta fama har ruwan ya zo, ta shayar da shi don ya zama muharraminta, kamar yadda wasu matan nan ke yi. Lauyanmu ya ce wannan ba ya hana mu komai. Malamin da Babanki ya tambaya ya ce uwarsa ce, ko me alƙali ya ce.

Ummi, na nemi laifin matar nan ban samu ba. Shekara talatin ina gyara rubutun mutane, na san inda kuskure ke ɓuya. Na duba faratansa, na duba bayan kunnensa, na karanta katin rigakafinsa layi-layi. Ko ɗaya.

Ranar da muka fara zuwa gidanta a Sentul, na miƙa hannu na ce, "Zo nan, angona." Ya shige bayan zaninta. Sai da ta ce masa "Nenek", wato kaka, sannan ya leƙo. Da izininta jikana ya kalle ni.

Ta san gefen da yake kwanciya. Ke ma ta san ki. Ta ce da cikinsa kin yi kwaɗayin ɗanyen mangwaro da gishiri, ita ke sayo miki. Kullum muna waya, ba ki taɓa gaya mini ba. Na yi mata murmushi, na dawo gida na kasa cin abinci.

Makon jiya ta ce ya kusa cika shekara biyu, tana son yaye shi, amma ba ta iya jure kukansa. Na ce a wajenmu ba uwa ke yaye ba, gidan kaka ake kai yaro, ke ma, Ummi, a ɗakin kakarki Inna aka yaye ki. Babanki ya ɗago ya kalle ni. Da bakina na kira ta uwa.

Salmah ta ce ta yarda, mako ɗaya. Lauyanta ya hana ta, ta ƙi ji.

Ranar Juma'a za ta kawo shi. Na jiƙa gero. Zai yi kuka, kuma ba ni zai kira ba. Ban janye takardar ba, Ummi, kada ki yi zaton na janye. Amma na yi alkawari ranar da mako ya cika ni zan goya shi in mayar mata, kuma zan cika.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya raya abin da kika bari. Allah ya saka wa Salmah da alheri. Sau biyu na ajiye biro kafin in iya rubuta wannan.

Wassalam,
Mamanki