Koriyar taliyar da na zuba wa Hajiya

Assalamu alaikum admin da jama'ar wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don na riga shi zagin kaina. Shawara nake nema, kuma ba ni da lokaci mai yawa.

A Haɗeja nake aure, 'ya'yana biyu. Ni mace ce mai son girki, kuma ba zan ɓoye ba, mai son a yabe ni. Tun da na fara kallon girkin 'yan Italiya a waya na kamu. Na sayi bilenda, na sayi ɗan injin murza taliya da obin na lantarki da ƙaramar firiza, har dangin mijina suka laƙaba mini "mai girkin waya". In na yi fiza su ce gurasa ce ta sha kwalliya. Ina taya su dariya, amma abin yana cin raina. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yi mini ba'a ba, mahaifiyar mijina, Hajiya, da ke zaune a Malam Madori. Akwai wata miyar 'yan Italiya koriya shar da suke kira festo, ba a ɗora ta a wuta, ganye ake markaɗawa da ɗanyar tafarnuwa da mai a juya a taliya. Da na gane ganyen ɗan'uwan ɗoɗɗoyarmu ne sai na haɗa tawa da soyayyar gyaɗa da man gyaɗa. Ranar da Hajiya ta fara ci sai da ta suɗe kwano, ta ce, "'Yar nan, rabu da su, hannunki akwai albarka." Tun daga nan duk zuwanta koriyar taliya take tambaya.

Da damina ta zauna ɗoɗɗoya ta cika bayan gidanmu, na markaɗa da yawa na ɗura a kwalabe masu murfi na jera a firiza. Sai ruwa ya taso ya kayar da turakun wuta a ɓangarenmu, muka yi kusan sati uku babu wuta. Nama da kifi na soye su tun da wuri. Kwalaben kuwa na bar su a firizar da ta koma akwati mai ɗumi. A tunanina, ai tun muna yara mun san in mai ya rufe kan soyayyen tumatir ba ya lalacewa, to wannan ma mai ya rufe ta. Ban tuna cewa shi tumatir ya sha wuta, ita kuwa ɗanya ce.

Ranar Talata da azahar Hajiya ta iso babu sanarwa, ko mayafi ba ta ajiye ba ta ce, "Yau dai koriyar nan ce ta kawo ni." Ɗoɗɗoyar bayan gida ruwa ya cinye, bilenda babu wuta. Na ɗauko kwalba ɗaya, sai na ga murfin ya kumbura. Ina murɗawa ta yi huci, ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasa. Na shinshina, babu wani wari sosai. A nan nake so ku ji ni da kyau, don a nan laifina yake. Hankalina bai kwanta da ita ba. Na san bai kwanta ba, domin yarana shinkafa da wake na zuba musu, ni kuma na ce ramuwar azumi nake yi, alhali ƙarya ce. Amma na kwashe saman na zubar, na juya sauran a taliya, na kai wa baiwar Allah a kwanon da na fi ji da shi. Me ya hana ni cewa, "Hajiya, ta lalace"? Ba komai ba ne sai tsoron kada labari ya kai wa dangi cewa firizar mai girkin waya ta ruɓar da abinci. Ta ci tana sa mini albarka, ni kuma ina tsaye ina murmushi.

Washegari da la'asar muna zaune a tsakar gida ta kalli 'yata ta ce, "Ikon Allah, Ummi biyu nake gani." Muka yi dariya. Kafin Alhamis idanunta sun fara rufewa da kansu, sai ta sa yatsa ta ɗaga fatar ido kafin ta ga mutum. Bakinta ya bushe, muryarta ta shaƙe, in ta kurɓi ruwa sai ta ƙware. Ba zazzaɓi, kuma hankalinta garau, tana gane kowa. Muka kai ta asibiti. Likita ya auna jini ya ce bai hau ba, ya tambaya, "Me ta ci a kwanakin nan?" Mijina ya ce, "Abin da kowa ya ci a gida, likita." Ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, Maman Ummi?" Na buɗe baki na ce, "Haka ne." Wallahi har yanzu ina jin muryata tana faɗin haka.

Da na dawo gida ɗaukar abinci na duba waya, wayar da ta koya mini girkin. Aka ce akwai guba da ke tasowa a ɗanyar tafarnuwa in ta daɗe cikin mai a rufe a wuri mai ɗumi, ba lallai ta yi wari ba. Daga ido take farawa, ta sauko maƙogwaro, ta sauko ƙirji har numfashi ya gagara. Aka ce akwai maganinta, amma sai likita ya san ita yake nema, kuma sai an yi da wuri. Na karanta, na zauna a ƙasan kicin. Shin ba yadda ciwon Hajiya yake saukowa ke nan ba?

Yanzu dangi sun cika asibiti, kuma sun gama yanke hukunci cewa ba ciwon asibiti ba ne. Yayan mijina ya ce iska ce ta buge ta a hanya, tunda motar da ta kawo ta ta ratso ruwa da tsakar rana. Sun ce gobe da asuba za su ɗauke ta su kai ta wurin wani mai magani a ƙauye ta wajen Baturiya, inda ko mota ba ta shiga sosai a wannan ruwan. Na ce wa mijina, "Baban Ummi, da an bar ta a nan ko a wuce Kano." Ya ce, "Kwana nawa muna nan, sun gano wani abu? Ke kin san abin da likita bai sani ba ne?" Na ɗauki kwanukan abinci na fita.

In na faɗa, na san dangin nan. Ba za su ce kuskure ba ne, za su tambayi dalilin da ya sa ni da yarana ba mu ci ba, kuma ba ni da amsar da za ta fitar da ni. Aurena zai iya mutuwa a ranar, sunan da za a kira ni da shi kuma zai bi 'ya'yana. In na yi shiru kuma, gobe za a fitar da ita daga wurin da ake da abin taimakon numfashi.

Ɗazu da azahar na je gyara mata filo. Numfashinta ya fara gajarta, magana da ƙyar. Ta lalubo hannuna ta riƙe, na kai kunnena bakinta, ta ce, "Kada ki bari kowa ya dama mini kunu sai ke. Da hannunki na yarda."

Jama'a, da asuba motar za ta zo. Me zan yi?