Dinyoyin da Elfrieda Ta Bar Mini

Litinin, 1 ga Oktoba

Marlys ta kawo mini kwandon ɗinkin uwarta, ƙawata Elfrieda. Ta ce, "Inna Justina, ke kaɗai za ki iya ƙarasa shi. Bikin Kendra a Disamba ne." Na ce to. Me zan ce?

Bargon faci ne, layi-layi na ƙyallaye masu kusurwa uku, siffar tsuntsayen dinya masu tashi, shuɗi a kan fari. Elfrieda ta fara wa jikarta Kendra shi tun bazara, kafin ɓarin jikinta ya shanye a kai ta gidan jinya a birnin Saskatoon. Tun muna amare muke ɗinki tare duk Alhamis, amma ni yanka da guga ne nawa. Tsinin dinya nata ne.

Alhamis, 4 ga Oktoba

Na dafa kofi na mutum biyu. Hannu ne ya saba.

Asabar, 13 ga Oktoba

Hanyar Elfrieda na bi: babban ƙyalle ɗaya, ƙanana huɗu, a ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, a ɗinke gefe da gefe, a tsaga, a goge, a maimaita, dinya huɗu su fito. Nawa duk sun fito ba baki. Da tana nan da ta ɗaga ɗaya sama ta ce, "Jama'a ku zo ku ga kazar Justina!"

Talata, 16 ga Oktoba

Na sayi rula ta musamman, mai zanen kusurwa a jiki. A ɗinka da ɗan ragowa, a ɗora tsinin a kan zanen, a datse abin da ya leƙo. Kwatan inci ya rage a saman baki, daidai wa daida. Sun yi kyau har na ji kunya. Ita cewa take yi rula ta makafi ce.

Dinyoyin gaske ma sun wuce yau da hantsi, can sama da gonar alkama, suna ta surutu. Na tsaya a bakin ƙofa har shayina ya huce.

Laraba, 24 ga Oktoba

An kafa allon sayarwa a ƙofar gidan Elfrieda. Ashe ba za ta dawo ba. Marlys ta ce, "Ki je ki gan ta mana, Inna. Duk wanda ya shigo sai ta leƙa bayansa." Na ce hanyar ta yi mini nisa, ga dusar ƙanƙara na tafe. Ba nisa ba ne. Ina tsoron in tarar da wata mata daban a kan gadon.

Alhamis, 1 ga Nuwamba

Na je. Ni na tuƙa kaina, da keken ɗinki a bayan mota don kada in zauna hannu sake ina kallonta.

Ta rame. Baki ya karkace, magana ba ta fita. Na shimfiɗa mata layin da na haɗa a cinya, ina ta zuba kamar rediyo. Ta bi su da yatsan hagu, ɗaya bayan ɗaya. Na fito da rular, ta harare ta, ta harare ni. Sai yatsan ya tsaya a kan wata dinya da na juya baya, ita kaɗai ta nufi kudu, sauran arewa. Ban ma lura ba.

Ta daɗe tana kokawa da harshenta. Sannan ta ce, "War... ware."

Na ce, "Ke tsohuwar nan, duk maganar duniya wannan kika zaɓa?" Ta yi dariya da rabin fuska. Na warware. Ta danne mini rular da hannu mai lafiyar, na datse sauran. Ba ta sake ta ba har aka kawo abincin rana.

Juma'a, 2 ga Nuwamba

Ƙanƙara ta sauka. Ban fitar da keken daga mota ba. Nauyi gare shi, shi ke nan.