Safar Hannun Dogo Tana Cikin Kwallata

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu, Allah ya ƙara rufa mana asiri. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koyi riƙe biro, in kun ga zancen ya hau kan juna ku yi mini haƙuri, kwana biyu ko zama wuri ɗaya ba na iyawa.

Ni uwa ce, 'ya'yana biyar, a Kilomita Biyar ta Bangui aka haife ni, nan aka yi mini aure. Maigidana tela ne, amma ba wanda ya san shi da keke, Koci kowa yake ce masa. Ƙungiyar ƙwallo gare shi tun kafin rikicin Musulmi da Kirista, ba ta yara masu buga tsumma a lungu ba, ta gaske, mai shiga gasar gari, kowane ɗan wasa da katinsa mai hoto, 'yan kasuwar unguwa ke ɗaukar nauyinta. Rabin yaransa Musulmi ne, rabi Kiristocin Miskine, unguwar da ke maƙwabtaka da tamu. Ni ke wanke riguna, ni ke dafa shinkafar ranar wasa, da na iya karatu kuma sai ya damƙa mini gwangwanin biskit ɗin da katunan suke ciki. A ƙa'idarsa, ba a cewa yaro ya shiga ƙungiya sai ya ci abinci a tsakar gidanmu, ya karɓi riga daga hannuna.

Cikin yaran akwai golansa, mai tsaron raga, Kirista ne ɗan Miskine, mu a gida Dogo muke ce masa. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake cin tuwo a kwanon maigidana. Shi ya koya wa ɗana na fari, wanda zan kira Abba, ɗaurin igiyar takalmi. Safar hannun da yake kama ƙwallo da ita ma maigidana ne ya ɗinke masa ita da kansa lokacin da ta yage.

Da rikici ya zo kun san abin da ya faru, ba sai na tayar wa kowa da mikinsa ba. Wasu suka bi manyan motoci zuwa Kamaru, wasu Chadi, 'yan Miskine suka koma can ɓangarensu, mu kuma aka rufe mu a unguwa kamar kaji a akurki. Ƙungiya ta watse. Cikin katuna ashirin da wani abu, mutum huɗu kaɗai za ka iya kira su amsa. Maigidana ya kan buɗe gwangwanin nan bayan la'asar ya jera katunan a kan tabarma, ya dube su, ya mayar.

Da ƙura ta ɗan lafa aka fara raɗe-raɗin za a dawo da gasa, sai ya miƙe kamar an yi masa allura. Hanya biyu ya ɗauka. Ta farko, ya aika saƙo ta bakin 'yan acaɓa da direbobi ga duk tsohon ɗan wasan da ƙungiyarsa ta mutu, cewa ƙofa a buɗe take. Ta biyu, shi da abokinsa Malam Isa, mai ɗaya ƙungiyar da ta rage a unguwa, suka yi yarjejeniya: za su tara samarin da suka taso cikin rikicin a filin makaranta, a gwada su sati biyu, sannan su raba su bi da bi, wannan ya ɗauki ɗaya wancan ya ɗauki ɗaya, don kada a yi faɗa a kan yaro. Da yake tamu ce ta fi lalacewa, aka ba maigidana zaɓin farko. Kowa ya san wanda zai ɗauka, wani ɗan siririn yaro mai cin ƙwallo da ƙafar hagu, in ya taso da gudu sai ka ji fili ya yi tsit. Maigidana yana cewa, “In na samu wannan a gaba, Dogo ya dawo raga, to sauran ko da guragu na cike.”

To ga inda nawa ya shigo. A kwanakin nan ina wanki na zura hannu aljihun wandon Abba, sai na ji wani abu mai sanyi. Harsashi ne, guda ɗaya. Na san inda ya samo shi. Samarin da suke tsaron bakin unguwa da bindiga, tun da makaranta ta tsaya yake zama a bencinsu, yana sayo musu shayi suna ce masa “ƙaramin kwamanda”. Ni ba mai faɗa ba ce, ban taɓa ɗaga wa yaro murya ba, na jefa abin a masai na ci gaba da wankina, amma tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Abu ɗaya ne ya fara raba shi da bencin nan: gwajin filin makaranta. Ya shiga a matsayin gola, don abin da ya gani wurin Dogo ke nan. Sai ya dawo a gajiye, gwiwa duk ƙurje, ya ci abinci ya kwanta. Wallahi ban taɓa son ganin ciwo a jikin ɗana ba sai wannan karon.

Ana saura kwana uku a yi zaɓen 'yan wasa, na je bakin iyaka, wurin shingen da ya raba mu da Miskine, inda matan can suke kawo ganyen rogo mu kuma mu kai musu sabulu da sukari, sojojin ƙasashen waje na tsaye a tsakiya. Ina tsugune ina zaɓen ganye sai na ji an gaishe ni da yarensu, “Mama! Bara mo, Mama!” Na ɗaga kai, Dogo ne, ya rame, yana tura amalanke. Ya durƙusa a gaban mutane, ya juya Hausarsa mai karkata da yake ba mu dariya da ita, ya ce, “Mama, Koci yana da rai? Abba ya girma? Har yanzu kina sa yaji mai kashe mutum?” Na yi dariya, hawaye na zuba. Ya ce ya ji saƙon, ƙungiyar da ya koma ta mutu, ba shi da kowa. Ya ce, “Ki gaya wa Koci kalma ɗaya nake jira. In ya ce zo, ko ta kan shingen nan ne zan tsallako.”

Na dawo gida da niyyar faɗa, Allah shi ne shaidana. Amma ina tafe ina tunani: in Dogo ya dawo, wa zai kalli Abba? Gola ɗaya ake sawa a raga, ba biyu ba. Zai koma benci, kuma ni na san benci biyu ne a unguwar nan, na fili da na masu bindiga, wanne kuke ganin zai fi jan yaro ɗan sha takwas? Ina shiga maigidana ya ɗago daga keke ya ce, “Hajara ta ce an ga Dogo a bakin iyaka. Kin gan shi?” Hajara maƙwabciyarmu ce. Bakina ya buɗe da kansa na ce, “Na hango shi, Malam. Ya kau da kai.”

Ya tsayar da keken. Ya ce, “Dogo?” Na ce i. Ya ce, “Yaron da ya ci tuwo a kwanona?” Ya ci gaba da ɗinki, amma babu zare a allurar, ni na gani shi bai gani ba.

Ranar zaɓe mata muka tsaya ta bayan katangar makaranta. Aka ce Koci ya fara. Ya daɗe yana kallon yaron nan mai ƙafar hagu, sannan ya ce ba a gina ɗaki ba ƙofa, ba shi da gola, kuma gola ɗaya ne tak a filin, in bai ɗauka ba Malam Isa zai ɗauka. Ya kira sunan ɗansa. Fili ya ɗauki “Ehe!” Malam Isa ya ɗaga hannu sama ya ce, “Allah ya saka da alheri, Koci, ka ba ni sa ka riƙe igiya!” Ya kwashe mai ƙafar hagu, mutane na ta dariya. Mutumin da bai taɓa fifita nasa ba, ranar aka fara ce masa mai son kai, kuma ni na jawo masa.

Sati na zagayowa na koma sayen ganye, Dogo yana jirana tun safe. Ya ce, “Mama, me Koci ya ce?” Na ce, “Ya ce ya samu wani.” Ya ce, “Wa?” Na ce, “Ɗan unguwa.” Kun ji kalmar da na zaɓa? Ɗan unguwa. Na ga ta shige shi. Ya gyaɗa kai ya ce, “Na gane, Mama. Yanzu ni ba ɗan unguwa ba ne.” Ya zaro safar hannun nan daga ƙarƙashin buhu, ashe da ita yake yawo, ya sa mini a kwando a kan ganye, ya ce, “Ki mayar masa, tasa ce. Singila, Mama, na gode da shinkafa.” Ya ja amalankensa bai waiwayo ba. Safar tana cikin kwallar aurena yanzu, ƙarƙashin zannuwa, ɗinkin maigidana yana nan a babban yatsa.

Na ɗauka daga nan shi ke nan, ashe ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Maigidana ya canja. Wasu tsofaffin yaransa biyu na Miskine suka aiko suna son dawowa, ya ce a gaya musu ƙungiya ta cika, alhali ko sha biyar ba mu kai ba. Ya ce mini, “In Dogo zai iya kau da kai, to ba sauran na yarda a cikinsu. Fitar da katunansu ki sa a murhu.” Mutumin da a tsakiyar rikici yake tsawata wa duk wanda ya yi musu kuɗin goro! Na ce to. Ban ƙona ba, su ma suna cikin kwalla. Ni na shuka masa ƙiyayyar da bindiga ba ta iya shuka masa ba, da kalma huɗu.

Shi kuma Abba, ku gafarce ni, ɗana ne amma gaskiya ɗaya ce, bai kai ba. Wasannin gwaji huɗu muka yi da ƙungiyar Malam Isa, duk an lallasa mu, kuma yaron nan mai ƙafar hagu ne yake zura masa su. Yara a titi Rariya suke ce masa. Mai nama ya ce mini, “Maman Koci, in za ki tace koko ki aiko ɗanki.” Na yi murmushi na karɓi namana. 'Yan kasuwar da suke riƙe da ƙungiya sun zauna da maigidana a harabar Masallacin Koudoukou bayan Juma'a, suka ce in bai nemo gola ba gara a haɗe ƙungiyoyin biyu a ba Malam Isa. Shekara nawa yana gina abin nan?

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne na shekaranjiya. Abba bai je fili ba. Na fita nemansa da rana tsaka, na hango shi a bencin nan, bindigar wani a kan cinyarsa yana goge masa ita. Na tsaya kawai, har ya gan ni ya taso. A hanya ya ce, “Inna, su ba sa ce mini Rariya.” Muka yi ɗan nisa ya ƙara cewa, “Da Dogo yana nan da shi zai tsaya, ni in riƙa koyo a bayansa, shekara biyu na ƙware. Me muka yi masa ne, Inna, ya ƙi mu?” Na ce masa rana ta yi zafi, mu yi sauri. Kun gani? Abin da na hana shi, shi ne abin da yake so. Ban tambaye shi ba, ban tambayi kowa ba, ni kaɗai na yanke wa mutum uku hukunci ina tsugune a gaban kwandon ganye.

Yanzu ranar Litinin za a kai jerin sunayen 'yan wasa cikin gari, daga nan an rufe, ba a ƙara kowa sai baɗi. Ni ke rubuta jerin. Gwaggon Dogo, mai sayar mini da ganye, ta ce yana shirin ƙetare kogi ya tafi neman aiki, ranar Asabar ce kasuwarsa ta ƙarshe. In na faɗa wa maigidana gaskiya, shekara ashirin da uku bai taɓa kama ni da ƙarya ba, da wane ido zai dube ni in ya tuna dariyar filin makaranta? Gwangwanin nan zai bar mini? Abba fa, in ya ji uwarsa ce ta tura shi raga aka mai da shi abin dariya, ba shi ke nan na miƙa shi ga masu bindiga da hannuna ba? In kuma na je wurin Dogo ni kaɗai na ce ni ce, ba Koci ba, zai yarda ya tsallako unguwar da har uwar da ta ciyar da shi ta yi masa haka? In ya tsallako wani abu ya same shi a hanya, alhakin wa? In na yi shiru, ƙungiya ta tafi, mijina ya mutu da ƙullin yaron da bai yi masa komai ba, ɗana kuma ga inda ya nufa ko da ƙaryata ko babu.

Takardar tana gabana. Na rubuta sunaye tun daga lamba biyu har ƙasa, lamba ɗaya ta gola ce, na bar ta fayau. Ɗazu maigidana ya leƙo ya ce, “Me kike jira? Rubuta ɗanki mana, ai shi muke da shi.” Na ce biron ne ya ƙi. Ya zaro nasa daga aljihu ya ajiye mini a kan tabarma ya fita.

Gobe Asabar. 'Yan'uwa, don Allah, me zan yi?