Amshin Waƙar Kaka

Yaya Falmata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Yaya sanyin Jos?

Makon jiya aka tara mu malaman firamare a Kazaure, ana nuna mana yadda za mu koyar da yara da tatsuniyoyin ƙabilu daban-daban. Aka ce kowa ya kawo ta gidansu. Wani malami daga Gwiwa ya kawo ta Fulani, Malama Rifkatu ta kawo ta Tibi.

Da aka zo kaina na ɗauko ta marigayiya Kaka, ta yarinyar nan da kada. Na kai wurin waƙar Barbarci, na rera, na tsaya ina jiran amshi. Ɗakin ya yi tsit. Sai a nan na gane ban ma san amshin ba, domin kullum in Kaka ta rera, ke kike yi. Na ce musu tari ne ya sarƙe ni, na zauna.

Ki gaida kowa, ki sa ni a addu'a, ran Litinin zan yi wa 'yan ajina tatsuniyar a Roni. Don Allah ki rera mini amshin ta waya. Kar ki rubuto, Yaya, muryar nake so.

Ƙanwarki,
Yagana