Na'urar da Ba Ta San Lalle Ba

Gaya, 3 ga Maris

Zuwa ga Yaya Hanne, shugabar unguwarzomomin Toranke,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da Inna, ina mai alfaharin sanar da ke cewa ƙaninki ya shiga tarihi. Na'urar nan tamu da ake maƙala wa yatsa ta auna iskar da ke cikin jini, wadda aka ɗibar wa shekara biyu, mun kammala ta cikin wata bakwai. Hikimar tawa ce. Na shawarci shugabanmu, Injiniya Hadi, da a soke gwajin ƙauyuka, mu maza tara na ɗakin ƙira mu gwada a yatsunmu. Ya amince, bisa sharaɗin in ta gaza a bakin aikina.

Ga guda nan. Ki gwada ta kafin masu tantancewa su zo ƙarshen wata.

Ƙaninki mai hangen nesa,
Muhyiddeen

Gaya, 24 ga Maris

Yaya Hanne,

Ina gaisuwa cikin ladabi, tare da tambayar lafiyarki da gajiyar Inna.

Na karɓi na'urar da takardarki. Na fahimci cewa washegarin bikin ƙanwarmu Muhsina na'urar ta yanke wa mata goma sha ɗaya hukuncin ƙarancin iska, har aka ɗauko wa Inna mota zuwa asibiti, inda likita ya same ta garau tana ɓarar gyaɗa. Bincike mai zurfi ya tabbatar da cewa hasken na'urar ba ya ratsa baƙin lalle. A cikinmu mu tara, babu wanda aka taɓa yi wa ƙunshi.

Injiniya ya ba ni kwana goma. Komawa ƙauyuka zai ci wata uku, saboda haka na miƙa hannuwana ga wata mai ƙunshi a Balan, kowane yatsa da irin duhunsa, har farce. A kansu na yi ta daidaita hasken. Jiya na'urar ta karanta duka yatsu goman daidai, Injiniya kuma ya ce kujerata tana nan. Ba zan ɓoye miki ba, na ji tsoro.

Mai ƙunshin ta ce na farce ba ya fita sai farcen ya sake tsiro. Wata ukun da na soke, zan yi su hannu a aljihu.

Ki roƙa mini gafarar Inna. Allah Ya bar zumunci.

Ƙaninki mai baƙin farce,
Muhyiddeen